Yabo Ko Gyara?

A zamanin kakanninmu, in mutum yana so a ɗauke shi hoto sai ya yi tafiya zuwa birni, ya biya kuɗi, ya jira kwanaki kafin a wanke a ba shi. Yanzu kuwa samari da 'yan mata da yawa cikin ekklesiyoyinmu suna yawo da abin ɗaukar hoto a aljihu, watau wayar hannu. Har wa yau makarantu da jaridu da ƙungiyoyi sukan shirya gasa, su ce kowa ya aiko da hotonsa, wanda nasa ya fi kyau a ba shi kyauta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in wata rana wani ya zo wurinka ya ce, "Ga hoton da nake tunanin ɗauka in aika gasa. Yaya ka gani?" Tambayar tana da sauƙi a baki, amma akwai nauyi a kan mai yin ta, akwai kuma a kan mai amsawa. Bari mu duba wannan nauyi tare.

Dabarar wani saurayi

A ce an shirya gasa a kan wahalar manoma a shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci. Sharaɗin gasar shi ne, hoton ya nuna abin da ya faru da gaske. Wani saurayi cikin ƙungiyar matasa ya sami dabara. Akwai wata tsohuwa gwauruwa a unguwarsu. Zai roƙe ta ta tuɓe zanenta mai kyau ta ɗaura tsumma, ya zaunar da ita gaban wani rumbu na maƙwabci wanda ba kome a ciki, ya riƙa mata ƙwarya wofi, ya ɗauke ta da yamma sa'ad da hasken rana ya yi taushi. Lalle hoton zai taɓa zuciyar duk wanda ya gani.

Ya fara gaya wa abokansa. Suka ce, "Kai, ai ka riga ka ci!" Sa'an nan ya tafi wurin wani dattijon ekklesiya. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, maganar hasken yamma ta yi kyau, kana da ido. Amma rumbun nata ne? Tsumman nata ne? Ta san inda hoton zai tafi? In 'ya'yanta da ke birni suka ga uwarsu a jarida cikin tsumma, alhali suna aiko mata da abinci kowane wata, me za ka ce musu?" Saurayin ya ce, "Baba, ai hoto ne kawai." Ya tashi ransa a ɓace.

To, mai karatu, tsakanin abokan nan da dattijon nan, wa ya ƙaunaci saurayin?

Shawara iri biyu ce

Wanda ya kawo dabararsa a duba masa zai ji shawara iri biyu, wajibi ne kuwa ya iya rarrabe su.

Ta fari ita ce shawara a kan gwaninta: inda za ka tsaya, lokacin da haske ya fi kyau, abin da za ka sa a tsakiya, abin da za ka bari a waje. Irin wannan kana da 'yanci ka karɓa ko ka ajiye, gama aikin naka ne. Sa'ad da Dauda zai fita ya gamu da Goliyat, Sarki Saul ya sa masa kwalkwalinsa na tagulla da sulkensa. Da kyakkyawar zuciya sarki ya yi haka, shi kuwa gwanin yaƙi ne. Duk da haka Dauda ya gwada, ya ga bai saba da su ba, ya tuɓe, ya ɗauki majajjawarsa da duwatsu biyar (1 Sama'ila 17). Bai yi laifi ba. Wanda ya bi maganar kowa a kan gwaninta zai ƙare da hoton da ba na kowa ba ne.

Ta biyu ita ce shawara a kan gaskiya da haƙƙin maƙwabci. Irin wannan ba ka da ikon ajiye ta domin ta yi maka ɗaci. Hoton da aka ce ya nuna abin da ya faru shaida ne. Mai ɗaukarsa yana tsaye gaban mutanen da ba su taɓa zuwa wurin ba, yana ce musu haka abin yake. Doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur (Fitowa 20), ba ta kuwa ware shaidar da aka bayar da baki daga wadda aka bayar da hoto ba.

Ga inda zuciya takan yaudare mu. Mukan karɓi shawara ta fari da murna, gama tana taimakonmu mu ci gasa. Ta biyun kuwa mukan maishe ta kamar ta fari, mu ce, "Ra'ayinsa ne kawai, kowa da nasa."

Abin da ya sami waɗansu gwanaye

Kada wani ya ce wannan damuwar masu wa'azi ce kaɗai. Alƙalan manyan gasa na duniya su ma a kan wannan suke tsayawa.

Akwai babbar gasar hotunan namun daji wadda gidan adana tarihin halitta na Landan yake shiryawa kowace shekara. A 2009 an aiko da hotuna fiye da 43,000. Wanda ya ci shi ne wani mutumin Sifen, Jose Luis Rodriguez, da hoton kyarkeci yana tsallake ƙyauren shinge da dare. Dabarar kyakkyawa ce ƙwarai. Amma masana suka dubi fuskar dabbar da alamun jikinta, suka ce ta yi kama da wani kyarkeci sabo da mutane wanda ake kiwo a wani gandun dabbobi kusa da Madrid. Dokar gasar ta hana amfani da dabbar da aka horar. Mutumin ya musanta, ya ce na daji ne. Alƙalai suka bincika, ba su yarda da shi ba. A watan Janairu 2010 aka karɓe nasarar, aka hana shi kyautar fam 10,000, aka kuma hana shi sake shiga gasar.

Akwai kuma gasar hotunan jarida da ake kira World Press Photo, wadda aka fara a Amsadam ta ƙasar Holan a 1955. A 2015 wani mutumin Italiya, Giovanni Troilo, ya ci lambar farko a wani sashe da jerin hotuna a kan garin Charleroi na ƙasar Beljiyam. Magajin garin ya yi kuka, ya ce an ɓata sunan garinsa. Da aka bi diddigi aka tarar ɗaya daga cikin hotunan ba a Charleroi aka ɗauke shi ba, a wata unguwa ce ta Burasal, wajen mil 30 daga can. Saboda wannan aka karɓe lambar. A wannan shekara kuma, cikin hotunan da suka kai kusa da zagayen ƙarshe, an fitar da ɗaya cikin kowane biyar domin an ƙara ko an rage wani abu a cikinsu da kwamfuta fiye da abin da doka ta yarda.

Mutanen nan ba su rasa gwaninta ba. Tambayar da aka yi musu bayan an riga an buga sunansu a duniya ita ce irin wadda dattijon nan ya yi wa saurayi a zaure, inda ba mai ji sai su biyu. Tun ran gini, ran zane. Gyaran da aka yi sa'ad da dabara tana cikin zuciya ba ya cin kome sai ɗan ɓacin rai. Wanda aka yi bayan an ba da kyauta yakan ci sunan mutum.

Har wanda bai yi ƙarya ba yana bukatar idon wani. A 1993 Kevin Carter, mutumin Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani ƙaramin yaro da yunwa ta kayar a Ayod, a kudancin Sudan, ga ungulu tsaye a bayansa. Hoton gaskiya ne, ya kuma sami babbar lambar yabo ta Pulitzer a 1994. Amma da jaridar New York Times ta buga shi, abin da mutane da yawa suka aiko suna tambaya shi ne, me ya sami yaron? Mai ɗaukar hoto yana duban haske da tsari. Mai kallo yana duban mutumin da ke ciki. Shi ya sa yana da kyau ka nuna dabararka ga wanda bai san kome game da kyamara ba, amma ya san darajar ɗan Adam.

Ashe kowane shiri ƙarya ne?

Wani zai ce, "Ai kusan kowane hoto shirya shi ake yi. Ranar aure ma akan ce wa mutane su matso, su yi murmushi." Gaskiya ne, kuma ba laifi. A Bamako ta ƙasar Mali akwai wani shahararren mai hoto, Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Yakan ara wa masu zuwa tufafin Turawa, da agogo, da rediyo, har da babur, su tsaya da su a ɗauke su. Yau ana nuna hotunansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, ba kuwa wanda ya kira shi maƙaryaci, gama bai taɓa aika su a matsayin shaidar dukiyar mutanen ba. Kowa ya san al'adar shagon mai hoto. Ubangijinmu Yesu Kristi ya koyar da misalai, masu jinsa kuwa sun san misalai ne.

Laifin saurayinmu shi ne zai shirya abu, sa'an nan ya aika da shi wurin da aka ce a kawo abin da ya faru da gaske, ya yi shiru. Akwai gasa da ke karɓar hoton da aka shirya, muddin an faɗa. In tsohuwar ta fahimci abin da za a yi ta yarda, aka kuma rubuta cewa kwaikwayo ne, magana ta canja. In kuwa yana so ya shiga wannan gasar, hanya a buɗe take: ya tafi ya zauna da manoman da abin ya shafa, ya nemi izininsu, ya ɗauke su yadda suke. Wataƙila ya tarar da tsohuwa tana sheƙar 'yar dawar da ta samu, fuskarta kuwa ta faɗi abin da tsumman aro ba za su iya faɗi ba.

Ga mai neman shawara

Ɗan'uwa, kafin ka tafi wurin kowa, tambayi zuciyarka ko yabo kake nema ko gyara. Rehobowam ɗan Sulemanu ya nemi shawarar dattawa, suka ce ya sauƙaƙa wa jama'a. Bai ji daɗin amsar ba, sai ya juya wurin samarin da suka girma tare, suka faɗa masa abin da ransa yake so. Kabila goma suka rabu da shi (1 Sarakuna 12). Mutumin da yake bin gida gida har ya sami mai ce masa i, bai nemi shawara ba tukuna.

Waɗansu sukan ɓoye dabararsu don tsoron kada a sace. Tsoron yana da dalili, amma maganinsa shi ne zaɓen amintattu biyu ko uku. Manzo Bulus, bayan shekara 14, ya hau Urushalima ya shimfiɗa bisharar da yake wa'azi gaban shugabanni, a keɓe, domin kada wahalarsa ta zama banza (Galatiyawa 2). In manzo ya yi haka da aikin da ya karɓa daga Ubangiji, balle mu da 'yan dabarunmu? Ka nemi mutum ɗaya da ya san aikin hoto, da ɗaya mai tsoron Allah wanda ba ya jin nauyinka. Ka karanta musu dokokin gasar duka. Ka kuma gaya musu yadda za ka yi hoton, har da abin da ba ka so a tambaye ka.

Ga mai ba da shawara

Kai kuma da aka zo wurinka, an ba ka amana. Mu mutane ne masu kunya da kara, mukan ce "ya yi kyau" don kada mu ɓata zumunci. Amma in ka ga rami a gaban ɗan'uwanka ka yi shiru, ranar da ya faɗa kana da rabo cikin karayarsa. Ka yi koyi da Biriskilla da Akila. Sun ji Afolos yana wa'azi a Afisa, gwanin magana ne, amma saninsa bai cika ba. Ba su kunyata shi gaban jama'a ba. Suka jawo shi gefe, suka ƙara bayyana masa hanyar Allah, ya kuwa zama mai amfani ƙwarai ga ekklesiya (Ayyukan Manzanni 18).

Ka fara da abin da ke mai kyau, in akwai shi da gaske. Ka nuna masa a fili wace magana ce ra'ayinka kawai, wadda yana iya ajiyewa, wace ce kuma ta gaskiya. Kada ka ƙwace aikin ka maishe shi naka, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kada kuma ka fitar da dabararsa waje.

Abin da muka faɗa a kan hoto haka yake ga mai shirya waƙar mawaƙan ekklesiya, da mai tsara wasan Kirsimati, da mai shirya wa'azi. Gasa takan wuce, kyauta takan ƙare, amma akwai Alƙali wanda ya ga hoton, ya kuma ga yadda aka yi shi. Allah ya ba mu tawali'u mu nemi gyara tun da wuri, ya ba mu ƙauna mu faɗi gaskiya ga wanda ya tambaye mu. Amin.