Bashin suna

Wani daren Alhamis muna zaune a fadarmu, shayi na biyu yana bisa gawayi, wani abokina ya buɗe kwamfutarsa ya ce in zo in ga wasan da aka yi tun iyayenmu suna yara. Sunansa Adventure. Kamfanin Atari na Amurka ya fitar da shi a 1980 don akwatin wasansa mai suna Atari 2600, wanda ake haɗawa da talabijin. Mu ko a ido ba mu taɓa ganin akwatin ba. Shafin Internet Archive abokin ya shiga, inda tun ƙarshen 2013 ake iya buga irin waɗannan tsofaffin wasanni cikin burauza. Wata manhaja ce take kwaikwayon tsohuwar na'urar, tana juya umarnin da aka rubuta wa injin wancan zamani zuwa abin da kwamfutar yau take ji. Ni mai karatun harshe, ina jin haka na ce ai wannan tafinta ce.

Wasan ba shi da ado ko kaɗan. Kai ɗan murabba'i ne kawai, ba kai ba ƙafa. Aikinka ka nemo wani kofin sihiri ka mai da shi fadar zinariya. Dodanni uku suna farautarka, rawaya da kore da ja, ko da yake sun fi kama da agwagi. Abu ɗaya kake iya ɗauka a lokaci guda, ga kuma wani jemage ɗan rainin wayo da zai fizge makullinka ya bar maka abin da ba ka so. Duk wannan duniya cikin bayit 4096 aka cusa ta. Hoto ɗaya na cikin salularka ya ninka ta sau ɗaruruwa.

Muna cikin dariya sai ɗayanmu, mai karatun shari'a, ya ce: "Ku dai ku sani, kayan mutane kuke ci ba ku biya ba." Muka yi masa ca. Wani ya ce abin da ya haura shekara arba'in wa zai bi sawunsa? Ya ce tsufa ba ya mai da kayan wani naka, kuma kamfanin da ke riƙe da sunan Atari har a 2022 ya sake sayar da wasan cikin wani tarin tsofaffin wasanninsa. Gaskiya ban sami abin ce masa ba, har yau kuma ban samu ba.

To amma akwai wani ɗaki cikin wasan da ya sauya mini tambayar. Wanda ya rubuta Adventure shi kaɗai, Warren Robinett, ma'aikaci ne mai albashi. A lokacin Atari ba ta sa sunan masu rubuta wasa a kwali. Rashin suna da rashin kaso na cikin abin da ya sa wasu huɗu suka fita suka kafa Activision a 1979. Shi Robinett sai ya ɓoye wani ɗigo guda cikin baƙar fada, a wani lungu da ba a shiga sai da gada. In ka ɗauko ɗigon ka kai shi ƙarshen wata hanya kusa da fadar zinariya, ka tara wasu kaya a wurin, bango zai bar ka ka wuce. Bayan bangon ba dukiya, ba dodo. Rubutu ne kawai yana walƙiya, yana faɗin wanda ya ƙirƙiro wasan. Bai gaya wa shugabanninsa ba, kuma ya bar kamfanin kafin wani yaro ɗan shekara 15 ya gano ɗakin ya rubuta musu wasiƙa. An sayar da wasan sama da miliyan ɗaya, kowane da sunan nan a cikinsa.

Mun bi kwatancen da muka karanta, dodo ya haɗiye ni sau uku, shayi ya huce, sannan muka shiga. Da na ga sunan, wallahi kunya ce ta kama ni.

Ga dalili. Mu ɗalibai da fotokopi muke rayuwa, wannan ɗan littafi da ke hannunku ma shi ne. Sau nawa na ce wa mai injin ya tsallake bangon littafi don in rage dala biyar? Akwai wasu shafuka kan karin sautin Hausa da na yi shekara biyu ina haddacewa, ban san wanda ya rubuta su ba. Wannan ma da sauƙi. A hutun bara na naɗi tatsuniyoyi goma sha ɗaya daga bakin wata tsohuwa a unguwarmu don aikin bincikena. Kwana huɗu tana ba ni, da muryar Gizo da waƙar da ke tsakiya, har tana gyara mini inda na ji ba daidai ba. A takardar da na miƙa, sunana yana bisa da manyan baƙaƙe. Ita kuwa na rubuta "wata mai ba da bayani, mace, kimanin shekara 70". Abin da Atari ta yi wa Robinett ke nan, sai dai ita Iya ba ta da bangon da za ta ɓoye sunanta a bayansa.

Za ku ce tatsuniya ba ta da mai ita. Haka ne, ita ma a wurin kakarta ta ji. Amma yadda ta ja murya, da abin da ta ƙara, da abin da ta bari, nata ne, kuma su na naɗa na sami maki da su. Za ku ce ka'idar bincike ce a sakaya sunan mutum don a kare shi. Wannan ma haka ne, in an tambaye shi ya zaɓa. Ni ban tambaye ta ba. Kuma sa suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu: marubutan waƙoƙinmu na ajami sun saba faɗin sunansu a baitocin ƙarshe, don mai karatu ya san wanda zai yi wa addu'a.

Saboda haka nake ganin bashi biyu ne a kan mai cin aikin wani, na kuɗi da na suna. Na kuɗi yana da wuyar sha'ani, talauci yana iya zama uzuri, masana shari'a su yi ta muhawara. Na suna kuwa ba ya cin ko dala ɗaya, don haka ba ni da inda zan laɓe. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ban sa sunan Iya a nan ba, domin har yanzu ban nemi izininta ba. In an yi hutu zan je da goro in karanta mata abin da na rubuta, in tambaye ta yadda take so a kira ta a takarda. In ta ce a bar shi, a bar shi. Ku kuma ƴan uwa, in kun je wurin mai fotokopi, ku biya dala biyar ɗin nan ya haɗa da bangon.