Darasi na 14: Yehosheba, Gimbiyar da Ta Ɓoye Ɗan Sarki

Karatu: II Sarakuna 11, II Tarihi 22 da 23.

Wajen shekara 841 kafin haihuwar Almasihu, Yehu ya kashe Ahaziya, sarkin Yahuza. Sa'ad da uwar sarki Ataliya, 'yar gidan Ahab, ta ga ɗanta ya mutu, sai ta tashi ta karkashe 'ya'yan sarauta, ta hau gadon da kanta. Ku lura da girman masifar: Ubangiji ya riga ya yi wa Dawuda alkawari gidansa zai tabbata har abada. Da zuriyar ta ƙare a ranan nan, ina alkawarin ya ke?

Amma akwai wata mace a fāda, sunanta Yehosheba, 'yar sarki Yehoram, 'yar'uwar Ahaziya, matar Yehoyada firist. Ita ce ta sace jariri Yowash daga cikin waɗanda a ke kashewa, ta ɓoye shi da mai renonsa a ɗakin kwana. Daga baya ya zauna a ɓoye cikin Haikali shekara 6, Ataliya tana mulkin ƙasa. A shekara ta 7 Yehoyada ya tara shugabannin mayaƙa, ya fito da yaron, ya sa masa kambi. Aka kashe Ataliya, aka rushe ɗakin Ba'al. Yowash kuwa ya yi sarauta shekara 40 a Urushalima.

'Yan'uwa, matan nan biyu a fāda ɗaya su ke. Ɗaya ta yi amfani da darajarta domin kanta, ta zub da jinin jikokinta. Ɗaya ta sa ranta a hatsari saboda jariri wanda ba ya iya gode mata. Yehosheba ba ta da runduna. Ƙofar ɗaki kaɗai ke hannunta, da bakin da ya iya riƙe asiri shekara 6. Da wannan Allah ya tsare zuriyar da Almasihu ya fito daga cikinta.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Me zai sami Yehosheba da asirin ya tonu?
2. Wace ƙofa Allah ya sa a hannunka, a gida ko wurin aiki?
3. Wane marar ƙarfi ne a unguwarku ya ke bukatar mafaka yau?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu zuciya mai tsoronka fiye da tsoron mutum. Amin.