Aro da Amana a Cikin Harsunan Kwamfuta

Duk wanda ya kai motarsa gareji a Kurmin Mashi da ke Kaduna, gefen titin Nnamdi Azikiwe, ya miƙa wa bakanike makulli, ya san cewa duk abin da aka kwance a jikin motarsa aka kwance shi. Masu rubuta manhaja ma kullum suna gaban irin wannan shawara: idan wani sashe zai miƙa wa wani bayani, kwafi zai ba shi, ko adireshin ainihin abin a ma'adanar kwamfuta?

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, kwafi yake bayarwa. Mai son a gyara masa na asali sai ya miƙa adireshi, kuma daga nan babu mai tsawatar wa wanda ya karɓa. C++ na Bjarne Stroustrup ya ba da damar gindaya sharaɗi: a duba, kada a taɓa. Java kuwa, tun 1995, kwafin adireshin yake miƙawa. Mai karɓa zai iya sauya kayan ciki, amma ba zai iya musanya wa mai shi abin da wani ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsefe wannan mas'ala. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kaduna da Zariya, ta bambanta aro da ajiya. Wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya yi ta'adi. Mai aro kuwa, tunda shi ke cin moriya, yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa, ban da dabba. Gwargwadon ikon da aka ba hannu, gwargwadon alhakin da ya hau kansa, kuma wannan adalci ne.

Shin amana ta tsaya kan halin mutum kaɗai, ko a ɗaure ta da sharaɗi? Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi, ko da tsakanin muminai ne. Masana kwamfuta sai da suka sha wuya kafin su yarda a ɗaure amana da sharaɗi. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na kafofin tsaro da yake toshewa daga ɓarnar ma'adana suke. Harshen Rust, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2015, ya mai da aro doka: a lokaci guda, ko dai masu dubawa ko nawa ne, ko kuma mai gyara ɗaya tak, kuma manhajar da ta karya sharaɗin ba za ta haɗu ba tun farko.