Haƙƙin Sojan da Ya Faɗi a Garwa

A ƙarshen watan Agusta na 1914, sojojin Nijeriya suka tashi daga Yola suka tasar wa Garwa a ƙasar Kamaru, inda Jamusawa suka haƙa ramukan yaƙi suka kafa bindigogi masu ruwa. Da dare suka ƙwace ganuwa ɗaya, amma da gari ya waye aka buɗe musu wuta, aka kore su. Mutane da yawa suka faɗi a ramukan nan. Garwa ba ta miƙa wuya ba sai a watan Yuni na 1915.

Littattafan tarihi sun riƙe sunan shugabansu, Kanar Maclear, wanda shi ma ya mutu a wurin. Amma ƙaramin soja da ya faɗi kusa da shi fa, ɗan Kano ko ɗan Zariya? A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa laifinta, cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba.

Wani zai ce, "Ina amfanin tunawa da shi? Ai yaƙin Turawa ya yi, don albashi." Gaskiya ne, rigimar ba tasa ba ce. Wanda ya harbe shi ma, wataƙila baƙin mutum ne ɗan'uwansa, sanye da kakin Jamus. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma wannan ne ma ya ƙara wa haƙƙinsa nauyi. Gama an karɓi ransa a kan abin da ba a shawarce shi ba, in kuma aka bar sunansa ya ɓace, an cuce shi sau biyu ke nan.

Tunawa da soja dabam, yabon yaƙi dabam. Ana iya ƙin yaƙin, a kuma girmama mutumin, domin ɗa ne ga wata uwa wadda ta yi ta duban hanya.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni domin 'yan mazan jiya. Wannan ya yi kyau, amma bai isa ba. Gidan da aka san wani kaka ya tafi yaƙi bai komo ba, sai a tambayi tsofaffi tun suna da rai, a rubuta sunansa da na garinsu, a karanta wa yara.