Matsattsiyar Ƙofa, Faffaɗar Gayyata

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki da natsuwa zai tarar da muryoyi biyu da suke kamar suna jayayya. Ɗaya tana shata iyaka, tana raba na ciki da na waje. Ɗaya kuma tana shelar cewa nufin Allah ne kowane mutum ya sami ceto, kamar yadda Manzo Bulus ya koyar a 1 Timoti 2:4. Wannan ba gardamar malaman tauhidi kaɗai ba ce. Uwar da ɗanta ya juya wa Ikilisiya baya, da mutumin da iyayensa suka rasu ba su karɓi bishara ba, su ma da wannan tambaya suke kwana.

Mu fara da iyakar. A Maimaitawar Shari'a 23:1-3, an hana dandaƙaƙƙen mutum shiga taron jama'ar Ubangiji, aka kuma hana Ammonawa da Mowabawa har tsara ta 10. Doka ce da aka yi aiki da ita, gama Nehemiya 13 ya nuna cewa da aka karanta ta bayan dawowa daga bauta, sai aka ware baƙi daga cikin Isra'ila.

Amma duba abin da Allah ya yi a cikin Littafin nan ɗaya. Rut mutuniyar Mowab ce, ta auri Bo'aza, ta haifi Obida kakan Dawuda, har Matiyu ya ambaci sunanta cikin asalin Yesu. Annabi Ishaya kuma, a sura 56, ya yi wa dandaƙaƙƙu da baƙi masu riƙe alkawari albishir cewa suna da wuri a Haikalin Allah. A Ayyukan Manzanni 8 ne muka ga cikar wannan. Ma'ajin sarauniyar Habasha, wanda baƙo ne kuma dandaƙaƙƙe, yana karanta Ishaya 53 cikin karusarsa sa'ad da Filibus ya same shi, ya yi masa baftisma. Allah ya keɓe Isra'ila domin ya tsare ta daga gumaka, amma tun a Farawa 12 ya bayyana cewa ya zaɓi Ibrahim ne domin dukan kabilan duniya su sami albarka ta wurinsa. Ashe zaɓin domin na waje aka yi shi.

To, ko wannan yana nufin kowa zai tsira a ƙarshe, ko ya tuba ko bai tuba ba? Orijin na Iskandariya, babban malamin da ya rasu wajen shekara ta 254, ya sa zuciya cewa wata rana dukan halitta za ta komo ga Allah. An yi tir da wannan koyarwa a shekara ta 543, zamanin Sarki Jastiniyan. Dalili kuwa a fili yake: Yesu da kansa ya yi gargaɗi game da shari'a, kamar yadda ya kwatanta rarrabe tumaki da awaki a Matiyu 25. Ba mu da ikon share gargaɗinsa domin mu kwantar da hankalinmu.

A Luka 13:23-30 ne muryoyin biyu suka haɗu. Wani ya nemi sanin ko masu samun ceto kaɗan ne. Yesu bai ba shi adadi ba. Ya umarce shi ya yi famar shiga ta matsattsiyar ƙofa, ya gargaɗi masu taƙama da cewa sun ci sun sha tare da shi, sa'an nan ya ce mutane za su taho daga kusurwoyi huɗu na duniya su zauna a bikin Mulkin Allah. Ƙofar ɗaya ce, wato Kristi, amma ba a tambayar kabila ko asali a bakinta. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai tambaya ya zo ƙidayar waɗansu, aka komar da shi ga kansa.

Saboda haka, iyaye, kada mu matse ƙofar fiye da yadda Ubangiji ya matse ta. Iyalin da suka hana 'yarsu auren mai bi domin yarensa dabam ne, da majami'ar da take zaɓen dattawa bisa ga kabila, suna sake gina katangar da Afisawa 2 ta ce Kristi ya rushe. Kada kuma mu gaya wa 'ya'yanmu cewa tuba ba dole ba ce. Game da waɗanda suka riga mu tafiya, hukunci na Allah ne, shi kuwa mai adalci ne, mai jinƙai fiye da mu. Namu shi ne mu shiga, mu yi addu'a ba fasawa, mu kuma gayyaci maƙwabcinmu da ƙauna.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.