Dokar Mashaya a Ingila da Ayoyin Giya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammad da iyalansa da sahabbansa.

'Yan uwa, sama da shekara ɗari ke nan Turawan Ingila suna fama da tambaya ɗaya: ƙarfe nawa ya kamata a rufe gidan giya?

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, gwamnatinsu ta ga ma'aikatan masana'antun makamai suna zuwa aiki a buge, wasu ma ba sa zuwa. Sai aka taƙaita lokacin mashaya: a buɗe da rana kaɗan, a rufe, a sake buɗewa da yamma. A 1915 har haramta wa mutum aka yi ya saya wa abokinsa kofi. Yaƙi ya ƙare, doka ta zauna, aka saba da rufewa ƙarfe sha ɗaya na dare.

To me ya biyo baya? Idan lokaci ya kusa sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya ruga ya ƙara kofi biyu ko uku ya ɗaɗɗaka da sauri. Sannan a turo su titi gaba ɗaya a lokaci guda, ana rububin tasi, ana zage-zage, ana fasa wa juna kai. Sai masu mulki suka ce ai laifin agogo ne. Majalisa ta yi sabuwar dokar lasisi a 2003, ta fara aiki a Nuwamban 2005, ta ba da damar neman izinin sayar da giya har awa ashirin da huɗu, wai don mashaya su riƙa watsewa kaɗan-kaɗan. Da ma'aikatar cikin gidansu ta bincika a 2008, sai ta tarar jimillar laifuka ba ta wani canza ba, illa dai waɗanda ake aikatawa tsakanin ƙarfe uku zuwa shida na asuba sun ƙaru. Wato faɗan ƙaura kawai ya yi. Daga baya har haraji aka yarda ƙananan hukumomi su ɗora wa masu sayarwa bayan tsakar dare, don a biya 'yan sandan da ke kwana raba faɗa.

Kada wani ya yi dariya fa. Mutanen nan suna ganin ɓarna da idonsu, kuma suna neman rage ta. Rage sharri abu ne da shari'a ta sani.

Abin da ya ja hankalina shi ne, Musulunci ma ya taɓa sa wa giya lokaci. A Suratul Baƙara aya ta 219 an fara gaya wa sahabbai cewa zunubinta ya fi amfaninta girma. Sannan aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Ka lissafa salloli biyar, ɗan uwa: mai sha bai da sauran sarari sai bayan isha'i ko bayan asuba. Amma wannan taƙaitawa tsani ce, ana hawa da ita zuwa bari gaba ɗaya. Ta Ingila kuwa, yau a matse gobe a saki, domin ba a taɓa niyyar rabuwa da abin ba.

Kuma ku duba abin da ya faru kafin hukuncin ƙarshe. Imam Muslim ya rawaito daga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda, cewa an gayyace shi walima a wani lambu, aka ci naman raƙumi aka sha giya, lokacin ba a haramta ba. Sai ya ce Muhajirai sun fi Ansar. Wani mutum ya ɗauki ƙashin muƙamuƙin raƙumin ya buga masa, ya ji masa rauni a hanci. Sahabbai ne fa, masu salla a bayan Annabi (SAW)! Sai ayoyin Suratul Ma'ida suka sauka, ta 90 da ta 91, kuma a cikinsu aka ambaci manufar Shaiɗan ƙarara: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane ta hanyar giya da caca. Abin da 'yan sandan Landan ke kira tada hankalin jama'a ke nan.

Wani zai ce, to a haramta kawai mana. Amurka ta gwada daga 1920 zuwa 1933, sai 'yan fasa-ƙwauri da 'yan daba suka karɓe kasuwar, dole ta janye. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana a Bukhari cewa da hani ga giya ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. An fara ne da zancen aljanna da wuta har zukata suka yi laushi.

Ranar da mai shela ya zaga Madina, Anas yana cikin zuba wa baƙi giya a gidan Abu Ɗalha. Abu Ɗalha ya ce masa ya fita ya zubar. Ya fita ya zubar, har ta riƙa kwarara a lungunan garin.

Allah ya shiryi waɗanda aka jarraba da ita, namu da nasu.