Ɗan Kwikwiyon Da Aka Jefar A Juji: Mene Ne Haƙƙinsa A Kanmu?



Akwai abin da kusan kowa a cikinmu ya taɓa gani. Karya ta haihu a kango, mota ta take ta ko an sa mata guba, 'ya'yanta sun kwana suna kuka. Gari na wayewa yara su taru da duwatsu, wani ya ɗaura wa ɗaya igiya a wuya yana ja, manya suna wucewa ba mai tsawatarwa. In ka yi magana a ce maka, "Malam, ai kare ne." Tambayata a yau ita ce: Musulmin da ya kwashe su, ya riƙe su na 'yan makonni har su yi ƙwari, sannan ya miƙa su ga mai buƙata, ya yi laifi ne ko ya samu lada?

Ni dai fahimtata ita ce ya samu lada, in ya kiyaye sharuɗɗa. Bari in faɗi dalili.

Da farko, ba na ɓoye hadisan da suka yi tsanani. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mai ajiye kare ba don farauta, ko kiwo, ko gona ba, ana rage masa lada kullum, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Ya kuma tabbata cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Wannan gaskiya ne, ba za mu sassauta shi don mu burge kowa ba.

Amma a waɗannan littattafan dai, Abu Huraira (RA) ya ruwaito labarin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa saboda ƙishi. Ya koma cikin rijiya, ya cika huffinsa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar musu akwai lada a kan duk mai rai. To bakin da ya hana ajiye kare don banza, shi ne ya yi bushara ga wanda ya ceci ransa. Hanin yana kan mayar da kare abin ado da abokin kwana. Bai ba kowa lasisin azabtarwa ba.

Sai batun najasa, wanda shi ne ke tsorata mutane. A mazhabar Imam Malik, wadda yawancinmu muka tashi a kai, kare mai rai tsarkakke ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne. Ko ka ɗauki ra'ayi na biyu, najasa wankewa ke gusar da ita. Mai jego tana wanke najasa sau nawa a yini? Wa ya ce ta jefar da jaririn?

Malamai da dama, cikinsu har da Imam Nawawi, sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin dabbobi da gona. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani da kansa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron cutarwa. Ke nan akwai hannayen halal da ɗan kwikwiyo zai iya komawa: makiyayi, manomi, mafarauci, mai gadi. Riƙon da nake magana a kai gada ce zuwa wurinsu.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai da sani. Ɗan kwikwiyo ba ya buɗe ido sai wajen kwana 10 zuwa 14, kuma a makonnin farko ba ya iya ɗumama jikinsa. Sanyin hunturu na iya kashe shi kafin yunwa ta yi. A sa shi a kwali da tsumma, a wani lungu na tsakar gida ko garejin mota, nesa da ɗakin kwana da wurin sallah. A farko yana buƙatar sha duk bayan awa 2 zuwa 3. Madarar shanu takan sa shi zawo, don haka a nemi shawarar likitan dabbobi kan abin da za a ba shi. Ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, uwar ce ke lasarsa, sai ka shafa masa tsumma mai ɗumi a madadinta. Daga mako 3 zuwa 4 ya fara lasar abinci mai ruwa-ruwa. Kada a raba shi da 'yan'uwansa kafin mako 8, domin a wasan da suke yi ne yake koyon cewa cizo yana da zafi.

Ga inda hikimar take. Tsakanin mako 3 zuwa 12 ne kare yake yanke wa duniya hukunci: mutum abin amincewa ne ko abin tsoro? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba da muryar mutane, da kukan awaki, da ƙarar babur, ba tare da duka ba, shi ne zai zauna lafiya a ruga ko gona. Wanda ya tashi da jifa kuwa, shi ne gobe zai kai wa ɗan makaranta cizo. Yawancin karnukan da muke kira mugaye, mu muka yi musu tarbiyya da dutse.

Wani zai ce, mutane na kwana da yunwa, kai kana maganar kare? Tambaya ce mai nauyi, kuma ɗan Adam shi ne gaba, babu jayayya. Wanda abincin iyalinsa bai isa ba, ban ce ya ɗauko ba. Amma ku duba wannan: ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya take kawowa shi ne ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Allurar rigakafin ana yi wa kare ita tun yana wata 3, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa ta. Kwikwiyon da aka riƙe aka yi masa allura, kariya ce ga yaran unguwa. Shi ma mai riƙon ya yi hattara: in an cije shi ko an yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi wuya, wato rabuwa. Sabo zai shiga, yara za su yi kuka. Amma idan ba ka da kiwo, ba gona, ba buƙatar gadi, to amana ce a hannunka, ka miƙa ta. Ka bayar kyauta, domin hadisi ya yi hani ga kuɗin kare, kuma fita daga saɓanin malamai ya fi. Ka bincika wanda za ka ba: zai ciyar da shi? Zai ɗaure shi cikin rana ba ruwa? Kada ka tsamo shi daga juji ka jefa shi hannun azzalumi.

Wanda ba zai iya riƙo ba, yana da abin yi. Ya ajiye ruwa a kasko. Ya nemo mafarauci ko makiyayin da zai karɓa. Mafi ƙaranci, ya karɓe dutsen daga hannun ɗansa, ya zaunar da shi ya ba shi labarin mutumin rijiya. Yaron da ya saba jin kukan mai rauni yana dariya, ba a kan kare zai tsaya ba.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ji ƙanmu kamar yadda muke fatan jin ƙan bayinSa. Wallahu a'alam.